Gatsenki Ya Ceci Ajina, Dada

Zuwa ga Dada,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya kai haske kabarinki, ya sa can ta fi miki nan. Na san ba za ki karanta wannan wasiƙa ba. To, da kina raye ma ai ba karantawa za ki yi ba. Ƙanena Sale za ki miƙa wa ki ce ya duba ko takardar asibiti ce, in ba ita ba ce a ba ki ki hura wuta. Don haka ta wannan wajen mutuwa ba ta rage ni da komai ba. Amsarki ce kawai ta hana ni, kuma ita nake bukata, domin na yi wani abu da sunanki a gaban jama'a, ban sani ba ko da kina nan za ki bari.

Amma bari in fara da mai daɗin. Na kayar da su, Dada. Ranar Asabar da hantsi, a gaban iyayen yara, maza da mata, na kayar da su warwas. Yau kwana uku ke nan, in ina wanke-wanke na tuna sai in ji ina dariya ni kaɗai.

Mutanen gida suna lafiya. Sale ya gyara rufin ɗakinki na unguwar Madaki, wanda kika yi damina huɗu kina tara masa kwano. Ya gyara shi yanzu da babu mai kwana a ciki, ya kuma kira ni in zo in gani in yaba. Na je na gani. Matarsa ta sauka, mace, an mayar da sunanki, muna kiranta Ummi. Ba ta kuka da yawa, kallo take yi, irin kallon nan naki da ke sa mutum ya duba ko rigarsa a bai-bai take. Ƙanwata Aisa tana ɗakinta lafiya. Tunkiyarki ta haifi biyu. Zogalen bayan ɗaki ya fi katanga tsawo, maƙwabta suna tsinka ta waje, na ce a bar su, ladan naki ne.

Yanzu ga maganar.

Kin san na haura shekara ashirin ina koyar da Turanci a sakandare. Abin da ban taɓa zama na bayyana miki ba shi ne, darasin iri biyu ne. Akwai na ƙa'idojin harshe, wanda kowane yaro dole ya yi ko yana so ko ba ya so. Akwai kuma adabi, inda ake ba yara littafin labari ko wasan kwaikwayo ko waƙe, a ce su karanta su faɗi abin da suka gani a ciki da idonsu. Na farkon shi ke ba ni albashi. Na biyun shi ke sa ni tashi da safe.

Bana aka kawo mana sabon firinsifal a makarantarmu ta wajen Barunde. Malamin kimiyya ne. Ba mugu ba ne, ba kuma jahili ba ne, wannan ma shi ya fi ƙona mini rai, don da jahili ne da na san ta inda zan ɓullo masa. Sati biyu da komawa hutu ya kira ni ofis. Ya ce iyaye likitoci suke so da injiniyoyi. Ya ce adabi yana cin darasi huɗu a mako saboda yara goma sha tara kacal, alhali ajin kimiyya ya cika har ana zama a taga. Yana so ya cire adabi daga jadawali ya ba lissafi da kimiyya lokacin. Wanda ke son rubuta jarrabawar adabi, ya karanta a gida. Sai ya ja aljihun teburinsa ya fito da wani ɗan siririn littafi ya ajiye a gabana.

Na san littafin. Babu malamin da bai san shi ba. A bakin kowace makaranta ana sayar da shi, yara suna kiransa Ci-Bulus. Wani bawan Allah da bai ma sa sunansa ba ya ɗauki littattafan da aka ba yara su karanta, ya matse kowanne a shafi biyar-shida: ga sunayen mutanen ciki, ga abin da ya faru, ga darasin da za a koya, ga tambaya ga amsa. Yaro ya haddace ya je ya zazzage a takarda. Firinsifal ya ɗora yatsa a kai ya ce, Malama, ga komai a nan, me ya rage da za ki yi shekara uku kina koyarwa?

Na ce masa, ranka ya daɗe, in haka ne a daina ɗora tukunya a garin Gombe, a rubuta sunan miya a takarda kowa ya lasa. Bai yi dariya ba. Kin san ban iya yin shiru a inda shiru zai amfane ni ba. Wa na gado?

Sai ya kawo shawara, kuma a fuska adalci ce. Akwai yara bakwai a ajin kimiyya da suka yi rajistar adabi don cike gurbi, ba su taɓa leƙa ajina ba, Ci-Bulus kawai suke karantawa. Ya ce a jarrabawar gwaji za a ba wani malami daga waje ya duba takardun duka, nawa da waɗancan, ba tare da ya san na wane ne ba. In yarana sun wuce su, ya bar mini ajina. In ba su wuce ba, zai kai maganar taron iyaye da malamai a rufe darasin a ƙarshen zango. Na yarda tun bai rufe baki ba. Girman kai ne, na sani. Me zai sa in ji tsoro? Yarana sun karanta littafin daga bango zuwa bango, wasu sau biyu.

Bari in ba ki labarin littafin a taƙaice, don a kansa komai ya tsaya. Wata mata ce a wani gari na bakin kogi, mijinta masunci, ruwa ya ci shi ya bar ta da yara uku. Yayan mijin ya zo ya kwashe kwalekwale da raga, ya raba ta da gidan, ya bar ta tana wankau a gidajen mutane, ƙaramin ɗanta ya mutu a hannunta saboda rashin magani. A ƙarshen littafin, ranar wani biki, gari ya taru, sai ga yayan mijin ya sa an ɗauko mudun shinkafa guda ya miƙa mata a bainar jama'a don a gani. Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta ce: na gode, yayan mijina. Ban taɓa ganin mai riƙon zumunci kamarka ba. Allah ya ba 'ya'yanka mai riƙe su kamar yadda ka riƙe nawa. A nan littafin ya ƙare.

Na san kin riga kin gane. Ko a kabari kin gane.

Turawa suna da kalma guda ta wannan salon magana, inda baki ke faɗin abu zuciya na nufin kishiyarsa. Shekara da shekaru ina rubuta kalmar a allo, ina rubuta ma'anarta, yara suna kwafewa suna haddacewa, amma in sun ci karo da ita a cikin labari sai su wuce ta kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Bana da muka zo shafin nan na ƙarshe na tambaye su, me matar nan ta yi? Suka haɗa baki: ta yafe. Sai na ajiye alli. Na ce, bari in ba ku labarin uwata. Na gaya musu yadda nake zama a bakin murhu da littafi a cinya ina 'yar shekara goma sha uku, tuwo yana kamawa, ƙauri ya cika gida, ki fito ki tsaya a kaina ki ce, sannu da ƙoƙari, ki ci gaba da karatunki, ai tuwon ya san hanya, zai tuƙa kansa. Na tambaye su, sannu ta yi mini?

Dada, da kin ga ajin nan. Kowa ya ɗaga hannu, kowa da uwarsa. Wannan ta ce in ta fasa kofi mamarta cewa take, madalla, ga sauran can a kwando. Waccan ta ce in ta dawo gida bayan magariba sai a ce mata, ai da kin kwana, me kike sauri. Yaran Tangale suka ce nasu iyayen ma haka suke yi da yarensu, 'yar Tera ta ce tata kakar ta fi kowa. Na bari suka gama, sannan na ce, to wannan shi ne gatse, kuma shi ne kalmar da kuka yi shekara biyu kuna haddacewa. Ku koma shafin ƙarshe. Suka koma. Can sai wata yarinya mai suna Dija, 'yar unguwar Kagarawal, wadda ta fi kowa kaifin kai a ajin, ta dafe ƙirji ta ce, wayyo, Malama, ashe tsine masa ta yi! A duk shekarun da na yi ina riƙe alli ban ji daɗin wata jimla kamar wannan ba.

Aka yi jarrabawar gwaji. Babbar tambaya, mai maki mafi yawa, a kan shafin nan ta fito. Na koma gida ina taka ƙasa da ƙarfi.

Da takardu suka dawo, yarana goma sha tara duk sun faɗi tambayar. 'Yan Ci-Bulus bakwai duk sun cinye ta. Kin san dalili? Ci-Bulus ya rubuta cewa darasin littafin shi ne yafiya, wai bazawarar ta yafe wa yayan mijinta har ta sa wa 'ya'yansa albarka. Shi kuma malamin da aka ba dubawa, da Ci-Bulus ɗin ya duba. Bai buɗe littafin ba. Malami guda, mai takardar shaida, mai jan biro! A takardar Dija ya ja layi biyu ya rubuta cewa ba ta fahimci labarin ba.

Ta same ni a ofishin malamai da takardar a hannu. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ce, Malama, mu ne ba mu gane ba ko shi? Na ce shi ne. Sai ta ce, to a babbar jarrabawa abin da Ci-Bulus ya ce zan rubuta, tunda shi ke ba da maki. Ta faɗa a hankali, ba don ta ɓata mini rai ba, lissafi kawai ta yi. A nan ne tsoro ya kama ni. Rufe aji abu ne, ana iya sake buɗewa. Amma yarinya 'yar shekara goma sha bakwai ta ga abu da idonta, ta san ta gani, sannan ta koyi cewa riba tana wajen cewa ba ta gani ba? Wannan in ya shiga mutum ba ya fita. Irinsu ne suka cika ofisoshi, kin sha zama a bencinsu.

Na je wa firinsifal da littafin a buɗe. Ya ce shi ba fanninsa ba ne, mun yi alkawari, kuma mai dubawa ba ya da dalilin cutar da ni. Ya ce in ina da magana in yi ta a taro.

Ranar Asabar ɗakin taro ya cika. Kin san yadda ake zama: maza a gaba kan kujeru, hula sai ƙyalli, mata a baya kan benci, wasu da goyo, wasu sun bar sana'a sun zo suna duban rana. Firinsifal ya rubuta makin a allo, nawa a hagu nasu a dama, ya yi bayani cikin ladabi. Na ga kawuna suna gyaɗawa. Na nemi magana, ya ce lokaci ya ƙure. Shugaban iyaye, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya ce a'a, ba a yanke wa mutum hukunci a bayan bakinsa, a bar ta.

Ban taɓa maganar maki ba. Na ba su labarin bazawarar masunci da Hausa, kamar yadda na ba ki yanzu. Da na zo ƙarshe na kira Dija, na ce ta karanta maganar matar da Turanci yadda take a littafi, sannan ta mayar da ita Hausa kalma da kalma, kada ta ƙara kada ta rage. Ta miƙe ta yi. Na juya na tambayi jama'a, me matar nan ta yi?

Wani Alhaji a layin gaba ya gyara babbar riga ya ce, ai ta kyauta, mace ta gari ke nan, ta bar wa Allah. Biyu-uku suka ce haka ne.

Sai wata murya daga can baya ta ce, sake faɗa, 'yar nan. Kakar Dija ce, Nenne mai daddawa, tsohuwa 'yar firit da ba ta taɓa zama a aji ba. Dija ta sake: Allah ya ba 'ya'yanka mai riƙe su kamar yadda ka riƙe nawa. Nenne ta tafa hannu ta ce, innalillahi, ai ta gama da shi! Wallahi gara ta zage shi ta uwa ta uba. Benci ya ɗauka gaba ɗaya. Mata suna ta cewa, wa ya ce yafewa ta yi? Na ɗaga Ci-Bulus sama na ce, wannan ne ya ce, kuma da shi aka kayar da 'ya'yanku. Nenne ta ce, wanda ya rubuta wannan a ina ya girma? Uwarsa ba ta taɓa yi masa sannu da aiki yana kwance ba?

Ana cikin dariya sai matar Alhajin nan na layin gaba ta ɗaga murya daga inda take, ta ce, Alhaji, ka ga dalilin da ya sa kullum nake maka godiya. Dada, ɗakin nan kamar zai tsage. Har shugaban iyaye sai da ya cire hula ya share hawaye. Shi kansa Alhajin ya yi dariya, amma daga baya na gan shi yana kallon ƙasa, kamar mai lissafin shekaru.

Na ɗauka an gama. Sai wani mutum ya miƙe, ma'aikacin lafiya ne, 'yarsa tana ajin kimiyya. Ba da raini ya yi magana ba. Ya ce, Malama, mun yarda ɗan littafin can ya yi kuskure, a sake duba takardun yara. Amma wannan ba ita ce tambayar ba. Ni likita nake so 'yata ta zama. Gane gatse zai ba ta gurbi a jami'a? Me zai ƙare ta da shi a gaban majinyaci?

Tambaya ce ta gaskiya, kuma ɗakin ya koma wajensa. Ina da amsoshi da na tanada, irin na littafi, cewa adabi yana faɗaɗa tunani, yana gyara harshe. Na ji su a bakina kamar tuwon jiya. A nan ne na ɗauko ki.

Na gaya musu ina da uwa, Bafulatana, wadda ba ta taɓa cewa wayyo a gaban mutum ba, ko a naƙuda. Na gaya musu shekara biyu da suka wuce ciwon ciki ya kwantar da ke muka kai ki asibiti. Wani matashin likita ya zo zagaye, mai ladabi, mai ilimi, na tabbata ya cinye kimiyya da lissafi. Ya ce, Mama, yaya jiki? Kika ce da sauƙi. Ya ce akwai inda ke ciwo? Kika ce ba komai. Kin faɗa fuskarki tana kallon bango, hannunki ya damƙe ƙarfen gado har jijiyoyi sun fito, kwanon abincinki na jiya yana nan a rufe. Ya rubuta a kati cewa majinyaciya ta ce ta samu sauƙi. Washegari aka sallame mu. Ba ki cika mako ba.

Na ce musu, likitan nan bai yi ƙarya ba, abin da aka faɗa ya rubuta. Ci-Bulus ma abin da bazawarar ta faɗa ya rubuta. A ƙasar nan wa ke faɗin abin da ke ransa kai tsaye? Mara lafiya ya ce da sauƙi. Wanda aka zalunta ya ce ba komai. Mai ofis ya ce za mu duba. Yarinyar da aka tambaya ko tana so ta sunkuyar da kai, kuma sunkuyarwar iri biyu ce. Duk rayuwarmu a ƙarƙashin magana take. A wane darasi ne ake zaunar da yaro a ce masa, ga abin da mutumin nan ya faɗa, to duba hannunsa, duba abin da ya faru jiya, duba wanda ke tsaye a wurin, yanzu gaya mini abin da yake nufi? A nawa ne kawai. Darasi huɗu a mako. Na dubi mutumin na ce, ka mayar da 'yarka likita, Allah ya ba ta sa'a. Amma wata rana tsohuwa za ta ce mata da sauƙi, kuma ran tsohuwar zai rataya a kan ko 'yarka ta iya karatu.

Nenne ce ta fara magana, ta ce Allah ya jiƙanta, irinsu ba sa faɗa. Aka amsa da amin. Shugaban iyaye ya ce a ɗaga hannu. Ban ƙirga ba, ba sai an ƙirga ba. Ma'aikacin lafiyar nan ya ɗaga nasa, bai sauke ba sai da ya tambaya ko 'yan ajin kimiyya za su iya shiga darasin.

To, ga laifina na farko. Ke da kika ɓoye ciwonki har ga 'ya'yan cikinki, na kwance shi a gaban mutum fiye da ɗari, har da maza. Na san abin da kunya take a wurinki. Na san da kina bencin nan na baya da kin ja mayafi kin fita. Amma ki faɗa mini, me zan yi? In bar su su rufe? Ke kika koya mini cewa in kare ya shigo gida ba a tsayawa zaɓen sanda.

Na biyun ya fi nauyi, kuma shi ban faɗa a taro ba. Na ɗora wa likita komai na yi shiru da nawa. Ranar da za a sallame mu na iso a makare, daga makaranta, da takardun yara a jaka. Na zauna a gefen gado ina gyara miki ɗankwali. Kika dube ni, ba kallon nan naki ba, wani daban, kika ce, kin yi ƙoƙari, Allah ya yi miki albarka. Kin tuna abin da na ce? Na ce, haba Dada, ko a gadon asibiti ma ba za ki bari ba? Ai na gaya miki jarrabawa muke yi.

Na ɗauka gatse ne. Shekara arba'in da bakwai ban taɓa jin kin yaba mini kai tsaye ba. Ni ce ta fari, ko sunana ba kya kira, yabo kuwa sai dai in tsinto shi a bakin maƙwabta. Duk sannun da kika taɓa yi mini da ƙaya a ciki. Rana ɗaya tak kika faɗi magana tsirara, ba komai a ƙarƙashinta, ni kuma gwanar karatu, mai koya wa 'ya'yan mutane gane abin da ke ƙarƙashin magana, na leƙa ƙasa na bar abin da ke sama. Kika yi murmushi kika juya bango. Ba ki gyara mini ba.

Me ya sa ba ki gyara mini ba? Kalma ɗaya ta isa. Kin horar da kunnena da yare guda tun ina goye, sannan ranar ƙarshe kika sauya yare ba sanarwa, kika tafi kika bar ni da amsar da na ba ki. Ina fushi da ke, Dada. Shekara biyu ina fushi da ke, na rasa wanda zan gaya wa, don duk wanda na fara yi wa maganar sai ya ce in yi haƙuri, kamar haƙuri ne ya ɓace mini.

Jiya Litinin na shiga aji da wannan a raina. Benci bai isa ba, 'yan kimiyya goma sha ɗaya sun zo, 'yar ma'aikacin lafiyar nan tana layin gaba da sabon littafi. An sake duba takardu, wannan karon da littafin a buɗe, Dija ce ta ɗaya, tana tafiya kamar an naɗa ta sarauta. Na ce musu kun koyi gane gatse, madalla, rabin karatu ke nan. Sauran rabin ya fi wuya, shi ne gane lokacin da babu shi. Suka ce yaya ake ganewa? Na ce babu Ci-Bulus ɗin wannan. Sai ka san mutumin, ka san jiya da shekaranjiyarsa, ka kuma ajiye naka haushin a gefe kafin ka saurara. Shi ya sa muke karanta littafi dukansa. Ban ba su misali ba. Wannan nawa ne da ke.

Da aka tashi firinsifal ya aiko a kira ni. Ya miƙo mini sabon jadawali da sa hannunsa, adabi yana nan, darasi huɗu, ya ma mayar da ɗaya safiya maimakon bayan azahar da yara ke gyangyaɗi. Ya ce, madalla, Malama, kin kyauta ƙwarai. Na tsaya na dube shi da kyau. Na duba hannunsa, na duba idonsa, na tuna Asabar. Wallahi ban iya yanke wanne ne ba, ina jin shi ma bai yanke ba. Sai na russuna na ce, na gode, ranka ya daɗe, Allah ya bar mana kai. Na fito na bar shi da nasa aikin gida.

Ajina yana nan, Dada. Da bakinki aka cece shi, a bakin wata tsohuwa mai daddawa da matan benci, waɗanda ake cewa ba su yi karatu ba. Ki yafe mini tonon asirin da na yi miki. Ki yafe mini ɗayan ma. Addu'ar da kika yi mini ranar nan tana nan a rataye, ba a amsa ta ba, don haka ga amsarta, ko da ta makara: amin, Dada. Amin. Na ji.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya haɗa mu a inda ba a bukatar ɓoye ciwo.

'Yarki,
Asma'u